Garin gawayi a abincin ɓeran Masar: abin da ya yi mini da abin da bai yi ba

Leda ce mai kilo biyu, an rubuta biochar a jikinta, mai shagon kayan kiwo kuma ya ce da totuwar masara aka yi shi. A takaice gawayi ne, sai dai ana ƙona shi cikin rufaffiyar ganga inda iska ba ta shiga sosai, da zafin da kan kai digiri 400 zuwa 700, har ya fito da ƙananan ramuka birjik waɗanda ido ba ya gani. Ramukan nan su ne amfaninsa, don su ke riƙe danshi da wari da wasu nau'o'in guba. A bayan ledar an yi alkawari uku: saurin girma, yawan haihuwa, da raguwar wari. Ɗaya daga ciki na gani da idona.

Ina zuba giram 10 a kowane kilo na dusa, wato kashi ɗaya cikin ɗari, kuma ban wuce haka ba. Garin yana da laushi ƙwarai, kana buɗe ledar baƙar ƙura ta tashi. Ɓeran Masar dabba ce mai raunin huhu, don haka sai na yayyafa wa dusar ruwa kaɗan, in cuɗa da hannu har ta yi toka-toka kafin in ba su. Da fari sun shinshina sun koma kan ganyen dankalinsu. Su dama ba sa son sabon abu a kwano. Da na rage yawan garin na riƙa ƙarawa sannu a hankali, suka saba.

Kashinsu ne ya fara canzawa: ya yi baƙi, ya bushe, ana share shi ba ya manne wa tsintsiya. Zarnin da ke tarbar mutum a bakin ɗakin da safe ya ragu sosai, musamman da na fara barbaɗa ɓarzajjen gawayin ƙarƙashin shimfiɗar ciyawarsu. Gaskiya ma a ƙarƙashin shimfiɗa ya fi yi mini aiki kan a cikin abinci. 'Ya'yan da aka yaye, waɗanda kan yi zawo idan damina ta sauka ɗanyar ciyawa ta yi yawa, bana da sauƙi. Sharar ɗakin kuwa na kai ta gindin barkono, don tun asali gyaran ƙasa aka fi sanin wannan gawayi da shi.

Batun ƙiba da haihuwa, ban ga komai ba. Na raba matasan gida biyu, wasu da gawayi wasu babu, sikeli bai nuna bambancin da zan kafa hujja da shi ba. Matan suna ɗaukar cikinsu na wata biyu da 'yan kwanaki, su haifi biyu ko uku, wani lokaci huɗu, kamar yadda suka saba. A Peru, inda dabbar ta zama nama na yau da kullum suna kiranta kuy, manyan da ake gani zaɓen iri ne ya samar da su, tare da wadataccen abinci. Gawayi ba shi da abin gina jiki ko kaɗan.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne gargaɗin da ledar ta yi shiru a kai. Gawayi ba ya bambance guba da magani, duk abin da ya samu yana iya kamawa. Likitan dabbobi ya ce mini in daina ba su duk lokacin da ake ba su magani ta baki. Ga kuma bitamin C, wanda jikin ɓeran Masar ba ya iya haɗawa da kansa, dole sai daga abinci. Idan ya rasa, gaɓoɓi su kumbura, dasashi ya yi jini. Shi ya sa dusa mai gawayi da safe nake bayarwa, gwaiba da kabeji da ganyen zogale sai yamma. Kuma kada wani ya ce tunda gawayi yana kama gubar funfuna, to a ba su dusar da ta ruɓe. A zubar da ita.

Zan sake saye, amma mafi yawansa ƙarƙashin shimfiɗa zai tafi. Mai niyyar daka gawayin kasuwa ya zuba musu, ya fara sanin da wane ice aka yi shi, ya kuma tabbata kananzir ko fenti bai taɓa shi ba.