Na biya kuɗin kwas kan 'yan daba saboda yaran bayan ajina

Shekara 11 ina koyarwa a sakandare, kuma ban taɓa riƙe ajin da babu gungun nan na kujerun baya ba, masu yi wa duk wanda ya ɗaga hannu ihu. Su suka sa na yi rajistar wannan kwas na ilimin zamantakewa a intanet. Bidiyo takwas ne, kowanne kusan minti 40.

Biyun farko shimfiɗa ce, har da binciken Frederic Thrasher na 1927 kan gungun 'yan daba 1,313 a birnin Chicago. Na kalla ina gyangyaɗi.

A darasi na uku ne kuɗina suka fita. Malamar kwas ɗin ta kawo bayanin Albert Cohen na 1955: ɗan talaka ya shigo makaranta, an auna shi da ma'aunin 'ya'yan masu hali, ya gaza. Sai ya nemi irinsa su kifar da ma'aunin, abin da malami ke hukuntawa ya zama shi ke jawo girma a tsakaninsu. Nan na tsayar da bidiyon, domin na tuna wani yaro da nake kora waje kusan kullum, yana fita yana taƙama abokansa na tafa masa. Ashe lambar yabo nake rataya masa ban sani ba.

Malamar ta haɗa wannan da aikin Paul Willis na 1977, wanda ya bi samari 12 'ya'yan ma'aikata a Ingila. Suna raina masu karatu, suna ganin sun fi malamai wayo, kuma wannan tawayen ne ya miƙa su aikin ƙarfi a masana'anta, irin na iyayensu. Bayanin David Hargreaves kan raba ɗalibai aji-aji bisa ƙoƙari shi ma ya taɓa ni, don ni kaina na sha kiran wani aji "ajin daƙiƙai".

Inda na ji haushi: masana Cloward da Ohlin, da suka kasa gungun 'yan daba gida uku, masu neman kuɗi, masu faɗa, da masu fakewa da ƙwaya, minti huɗu kacal aka ba su. 'Yan mata kuwa kamar ba a halicce su ba. Tambayoyin ƙarshen darasi duk haddar suna da shekara ce, kuma sautin bidiyo na shida yana yankewa. Na rubuta wa masu kwas ɗin kan sautin mako uku da suka wuce, har yau shiru.