Lesin lissafi na yara huɗu-huɗu a Jos: sharhi bayan zango ɗaya

Lesin na 'yan nazare 3 ne, masu shekara biyar zuwa shida, a wata cibiya da ke kan titin Bauchi. Yara huɗu ne kan tabarma da anti ɗaya, minti 30, sau uku a mako. Yana aiki, amma da sharaɗi.

Inda ya fi aji amfani shi ne wajen raba haddar lamba da sanin adadi. Yaro zai rera 1 zuwa 50 ba gargada, amma a zube masa murafun kwalba bakwai ya ce tara, don bakinsa ya riga yatsansa gudu. A aji mai yara talatin ba mai ganin wannan. A nan anti tana sa shi ya ture kowane murfi gefe yayin da yake faɗin lambarsa, sai ta tambaya, "To, nawa ne duka?" In ya koma ƙirgawa daga farko, bai gane cewa lambar ƙarshe ita ce adadin ba, sai a mayar da shi kan uku da huɗu. Nan ake daɗewa, kuma daidai ne.

Kayan aikin ba tsada. Kwalin ƙwai ne aka yanke ya zama gurbi goma, biyar sama biyar ƙasa. A sa murfi shida, yaro ya ga biyar da ɗaya, ya ga saura gurbi huɗu a cika goma. Akwai kuma layin gidaje 1 zuwa 10 da ake wasa a kai kamar ludo. Wanda ke gida na 4 ya ci biyu, sai ya ce "biyar, shida", ba "ɗaya, biyu" ba. Irin wasan da masu bincike Siegler da Ramani suka gwada a Amurka ke nan a 2008, suka ga yana kyautata sanin wace lamba ta fi wata.

Na yaba da yadda ake fara 11 zuwa 19 da Hausa kafin Turanci. "Goma sha uku" ta faɗi kanta, goma ce da uku. A Turanci kuwa 13 da 30 kusan sauti ɗaya ne a kunnen yaro.

Matsalar ta fara a tsakiyar zango, da aka ƙara yara rukunin ya kai bakwai. Kowa sai ya jira mutum shida kafin layi ya zo kansa, masu kunya suka yi shiru, mai kaifin baki ya riƙa amsa wa kowa. Haɗa wanda ya iya tara lambobi da wanda bai kai biyar a ƙirga ba ma haka yake, ɗaya ya gaji da jira, ɗaya ya koma kwaikwayo. Sai aikin gida na rubuta 1 zuwa 100, wanda hannu kawai yake gajiyarwa. Juya 3 ko 7 wajen rubutu a wannan shekarun ba abin tashin hankali ba ne.

Lokacin ma, ƙarfe huɗu, yana karo da Islamiyya, ga sanyin Jos da yamma a hunturu. Kafin ku biya, ku nemi a faɗa muku iyakar yawan yara, ku zauna ku kalli zama ɗaya. In da wake ake ƙirga, ku ce a canja, yana shiga hanci.