Ƙafar kyamara ta alminiyam: tana iya hoton gini?

A Amurka akwai masu bin gunduma-gunduma don hoton tsofaffin gidajen shari'a. Jihar Texas kaɗai gundumomi 254 gare ta. Mai wannan sha'awar a Maraɗi fadoji zai nufa, tunda can ake yanke hukunci tun kafin zuwan Nasara: ta Sarkin Katsina cikin gari, ta Sarkin Gobir a Tibiri, ko ta Damagaram. Kada dai a sa ran gini mai ɗaruruwan shekaru a Maraɗi, domin bayan ambaliyar 1945 aka hau da garin kan tudu.

Ƙafar da ake magana ita ce abin ɗora kyamara mai ƙafafu uku, mara nauyin nan da masu kayan waya ke sayarwa a kasuwa, mai gaɓa uku da maƙalin waya. Ƙafafun ba laifi. Kan ne matsalar: roba ce, in ka ɗaure sai ya ɗan sunkuya, soron ya fito a karkace. Kafin ka biya, ɗora wayarka, ɗaure, ka saki hannu. In hoton ya motsa, a canza maka wata. Duba kuma kusar da ke shiga gindin kyamara, ta kwata inci ce, ta zama ta ƙarfe.

Wajen aiki kada ka ɗaga sandar tsakiya, nan rawa take farawa. Ja baya, wayar ta tsaya cak ba ta kallon sama, sai ka rage ƙasan hoton daga baya. Sa jinkirin daƙiƙa 2 ko 3 don yatsa kada ya girgiza ta. In iska ta taso, rataya gorar ruwa ta lita 1.5 a tsakiya. Zanen jikin bango kuwa da hantsi ko bayan la'asar yake fitowa, lokacin da rana ke bugunsa ta gefe.

Ƙurar hunturu na cushe makullan ƙafafun. A goge da busasshen tsumma, ban da mai, shi ke tara yashi.

Ga waya ta wadatar, amma babbar kyamara mai dogon gilashi ta fi ƙarfinta. A fada a fara gaida dogarai a nemi izini. Kotu mai aiki kuwa, kada a kafa ƙafar nan gabanta sai hukuma ta yarda.