Yawon keke a gonakin inabin Faransa: Loire, Bourgogne, Alsace ko Bordeaux, da wanne za ka fara?

Wani ƙanena da ke karatu a Lyon ya turo min saƙo wai ya tara 'yan kuɗi, yana da hutun kwana biyar, yana so ya hau keke ya ratsa gonakin inabin nan da yake hangowa ta tagar jirgin ƙasa amma ya rasa ta ina zai fara. Na ce masa faɗuwa ta zo daidai da zama, don hanyoyi huɗun da aka fi ambata duk na taka su da ƙafata, wata ma fiye da sau ɗaya. Abin da na fara gaya masa shi ne, ɗan'uwa kada sunan yanki ya ruɗe ka. Turawa suna zaɓen hanya ne saboda giyar inabin da za su ɗanɗana a kowane ƙauye, mu kuwa ba ita ta kai mu ba, saboda haka namu ma'aunin daban ne: yawan hawa da gangara, kusancin tashar jirgin ƙasa in ƙafa ta gaza, da kuma abin da za ka samu ka ci da daddare hankalinka kwance.

Bari in fara da Loire tunda ita kowa ke fara ambata. Hanyar da suke kira La Loire à Vélo tana da tsawon kusan kilomita 900, daga kusa da Nevers har bakin teku a Saint-Brevin-les-Pins, kuma ɓangare ce ta babbar hanyar keke mai ratsa ƙasashen Turai da ake kira EuroVelo 6. Ba wanda ya ce sai ka yi ta duka. Yawancin mutane tsakiya suke yanka, Orléans zuwa Blois, Amboise, Tours, Saumur har Angers, kuma nan ne daɗinta yake don layin dogo yana bin kogin Loire kusan kafaɗa da kafaɗa, ka gaji ka shiga tasha kawai ka hau. Ƙasar shimfiɗe take, wanda rabonsa da keke tun yana ɗan firamare ma zai iya kilomita 40 a rana ba tare da ya yi jinya ba. Ga manyan fadoji na sarakunan da, irin su Chambord da sarki François na ɗaya ya fara ginawa a 1519, ga Amboise inda Leonardo da Vinci ya rasu a wannan shekarar, kuma UNESCO ta sa wannan yanki na kwarin cikin kayan tarihin duniya tun 2000. Amma gaskiya in hawa da sauka cikin inabi kake nema, Loire za ta ɗan ba ka kunya, sau da yawa a kan ganuwar tare ruwa kake tafe kana kallon kogi da yashi, sai ka ratse zuwa Vouvray ko Chinon ko tudun Saumur kafin inabi ya kewaye ka sosai. Sannan iska galibi daga yamma take busowa, wanda ya nufi teku yakan sha ta a ƙirji, na taɓa wuni ina tuƙi kamar ana riƙe min riga ta baya.

Bourgogne kuwa ita ce ta zuciyata, ba zan ɓoye ba. Daga Beaune zuwa Santenay kilomita 22 ne kacal a hanyar da ake kira Voie des Vignes, amma wallahi a wannan ɗan tsakanin za ka ga abin da ba ka gani ba a kwana biyu a wani wurin. 'Yan siraran hanyoyi ne na kwalta da manoma ke bi da taraktocinsu, dama da hagu katangun dutse ne masu kaiwa ƙugu, kowace 'yar gona da sunanta da iyakarta tun zamanin kakanni, su ne suke kira climats, UNESCO ta karɓe su a 2015. Ka fito Beaune ka faɗa Pommard, ka ɗan hau zuwa Volnay, ka gangaro Meursault, sai Puligny da Chassagne, hawan ba mai kashe mutum ba ne, irin wanda numfashinka zai ɗan ɗaga minti biyar sai gangara ta biya ka. Wata safiya a watan Satumba na tsaya jikin wata katanga kafin Meursault ina shan ruwa, raɓa ba ta gama bushewa ba, masu tsinke sun jeru cikin kunya-kunya da 'yan almakasai a hannu, wani ƙato da babban kwando goye a baya yana zagayawa suna juye masa, har wata dattijuwa ta miƙo min nono guda na inabi ta saman katangar. Ƙananan 'ya'ya ne baƙaƙe masu kaurin ɓawo, ga ƙwallaye, ba irin na kasuwa ba, amma zaƙinsa sai da na lumshe ido. Sai dai fa kada ka kuskura ka tsinka da kanka, gonar mutane ce kuma kuɗi ne mai tsada a rataye.

In 22 ta yi maka kaɗan sai ka faro daga Dijon ka biyo ta Gevrey-Chambertin da Vougeot da Nuits-Saint-Georges, ko kuma daga Santenay ka bi gefen Canal du Centre zuwa Chalon-sur-Saône, daga can ka kama tsohuwar hanyar jirgi da aka mayar ta keke ta Givry da Cluny zuwa Mâcon. A wannan hanya akwai ramin Bois Clair da hanyar ta ratsa ta ƙarƙashin tudu, mai tsawon kilomita 1.6, sanyi ƙalau a ciki ko da rana na ƙuna a waje, amma suna rufe shi lokacin hunturu saboda jemagun da ke kwana a ciki, in ka je a rufe sai dai ka haura tudun ta sama kuma wannan hawan ba wasa ba ne. Matsalar Bourgogne guda biyu ce. Masauki a Beaune da tsada, gara ka kwana Dijon ko Chalon ka riƙa shigowa da jirgi. Na biyu kuma girkinsu, shahararrun miyunsu na naman sa da na zakara da giyar inabi ake dafa su, har ƙwai ma akwai wanda suke yi wa miya da ita, dole ka tambaya kafin ka ce a kawo.

Alsace ita ce wadda in ka ɗora hotonta a WhatsApp 'yan gida za su ce ƙarya ne zane ne. Hanyar keken inabinta ta tashi daga Marlenheim kusa da Strasbourg zuwa Thann, kimanin kilomita 130, tana bin gindin duwatsun Vosges ta Obernai da Barr da Ribeauvillé da Eguisheim, gidaje masu katako a jikin bango an shafe su da kala-kala, furanni a kowace taga. Duwatsun suna tare hadari shi ya sa Colmar na cikin garuruwan Faransa da ba su cika samun ruwan sama ba, alheri ne ga mai keke. Abin da ya fi taɓa ni can shi ne tsuntsun da suke alfahari da shi, farar shamuwa, ta kafa katuwar sheƙa a kan rufin coci tana ƙwanƙwasa baki, kuma cikinsu akwai masu ƙetara sahara su yi hunturu a wajenmu, na tsaya ina kallonta kamar na ga 'yar gari. Hawan Alsace ya fi na Bourgogne yawa, gajeru ne amma ba sa ƙarewa, ka gama wannan ga wani. Inda ta fi wahalar da mu shi ne abinci, naman alade ya cika girkin yankin, ko burodin nan nasu mai faɗi da suke gasawa da albasa da kirim da gutsattsarin alade yake zuwa sai ka ce a cire. Ni dai a Strasbourg ko Colmar nake sayen guzuri a shagon halal in cika jaka, Strasbourg ma akwai babban masallaci da aka buɗe a 2012. Watan Agusta kuma ƙauyuka irin Riquewihr cika suke da 'yan yawon buɗe ido har sai ka sauka ka tura keken.

Bordeaux ba zan daɗe a kanta ba. Akwai hanyar Roger Lapébie, sunan wanda ya ci gasar tseren keke ta Tour de France a 1937, tsohon layin dogo ne daga bakin birnin zuwa Sauveterre-de-Guyenne, wajen kilomita 55, ba mota, ga inuwar bishiyoyi, ta dace da mai tafiya da iyali ko mai hutun Asabar da Lahadi kawai. Daga nan za ka iya ratsewa zuwa Saint-Émilion inda tuddai suke da kyau, amma sai ka haɗa hanya da motoci. Yankin Médoc kuma duk da sunansa ya yi tambari shimfiɗe yake, bai burge ni ba a kan keke.

Ƙanen nawa ya ce to dutsen Mont Ventoux fa? Na ce ajiye wannan tukuna. Daga Bédoin hawa ne na kilomita 21 ba hutu zuwa tsayin kusan mita 1,910, can kusa da ƙololuwa ɗan tseren Ingila Tom Simpson ya rasu a 1967, ga iskar mistral mai ture mutum. Sai ƙafa ta nuna.

Maganar keken kansa, in ba tsere za ka yi ba kada ka ɗauki mai siririyar taya, ka nemi mai ɗan kauri da giyar keke (gear) mai laushi ta hawa da wurin rataya jaka, don wasu wuraren a Loire tsakuwa ce ba kwalta ba. Ni abin da na saba biya na haya bai cika wuce yuro 20 zuwa 25 a rana ba, mai batir kuwa kusan ninki, kuma a Alsace mai batir ya ci kuɗinsa. Ka duba birki da sirdi tun a shagon, ka karɓi famfo da kayan faci, na taɓa karɓar keke a wani shago ban duba ba ashe famfon bai dace da bakin tayar ba, na tura shi kusan awa guda cikin rana. Wajen masauki ka nemi masu alamar Accueil Vélo, suna kusa da hanya kuma suna da wurin kulle keke. Ƙananan jiragen TER galibi suna ɗaukar keke, ko da yake da bazara wasu layukan sai ka kama masa wuri tun da wuri, jiragen TGV masu gudu kuwa ba kowanne ke da gurbin keke ba, ka tabbatar kafin ka yanki tikiti. Hannun dama ake bi kamar a gida, hular kwano dole ce ga yaro ƙasa da shekara 12 amma kai ma ka sa, kuma doka ta hana toshe kunne da abin jin waƙa kana tuƙi.

Lokaci mafi daɗi Mayu da Yuni ne ko Satumba, Yuli da Agusta zafi da cunkoso da tsada. A Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 10 na dare, ka san yadda za ka tsara sallolinka, ni da 'yar darduma mai naɗewa nake tafiya in yi kasaru a gefen gona ba wanda ya taɓa ce min uffan. Shagunan ƙauye suna rufewa da tsakar rana, da yawa kuma ba sa buɗewa Lahadi da yamma ko Litinin, ka sayi burodi da cuku da dabino tun da safe. Ruwa in ya ƙare ka nemi maƙabartar ƙauyen, kusan kullum akwai famfo a bakin ƙofa, in ba a rubuta eau non potable (wato ruwan ba na sha ba ne) ba masu keke suna cika gora a nan.

Shi dai ƙanen nawa na ce masa tunda Lyon yake ya hau jirgi zuwa Dijon, kwana ɗaya zuwa Beaune, washegari Santenay da Chalon, sauran kwanakin ya gangara ta Cluny zuwa Mâcon, daga can jirgi ya mayar da shi gida cikin abin da bai kai awa guda ba. Loire kuma na ce ya bar ta sai ranar da zai tafi da amaryarsa.