Bibiyar masu ciwon sukari ta waya a Zariya: abin da na gani

Wata shida ke nan da wani ƙaramin asibiti a Sabon Gari ya sa mahaifiyata cikin tsarinsa na bibiyar masu ciwon sukari ta WhatsApp, kuma na yaba da hidimar ƙwarai. Kowace safiya kafin ta karya kumallo nakan soki yatsarta, in ɗiga jinin a tsinken gwaji, in aika wa ma'aikaciyar jinya hoton abin da na'urar ta nuna. Ranar da sukarin Hajiya ya sauka zuwa 3.6, ƙasa da 3.9 da ake ɗauka faɗuwar sukari, nan take ta kira ta ce, "Hajiya, ki sha ruwan sukari yanzu, bayan minti 15 a sake aunawa." Tun daga ranar Hajiya take kiranta 'yata.

Sai dai waya ba ta duba tafin ƙafa. Wannan cuta tana lalata jijiyoyi har mutum ya daina jin rauni, shi ya sa wata 'yar tsaga a diddigen Hajiya ta yi mako uku ba wanda ya lura, domin zuwa asibiti ya koma sau ɗaya a wata uku. Na roƙi a riƙa duba mata ƙafa kowane wata, kuma sun amince.