Hattara da mai cewa zai biya muku kuɗin rajistar CFA da katinsa na dala

Naira 980,000. Ku sake karantawa, dubu 980. Kuɗin adashen da na yi wata goma ina zubawa, da rabin kuɗin hayar da maiɗakina ta ce in ajiye mana. Wani mara tsoron Allah ya lamushe su, ni kuma yau kwana 9 ke nan barci ya gagare ni.

Kafin wani ya fara ce mini "ai kai ma ka cika sakaci", ku saurara. Shekarata 6 ina aiki a banki a nan Kano. Ni ne nake zaunar da 'yan Kantin Kwari ina ja musu kunne kada su tura kuɗi ga wanda ba su taɓa gani ba. Ba yaro ba ne ni. Mutumin nan ya san karatun, wallahi ya san shi, abin da ke cin raina ke nan.

Matakin farko na CFA, jarrabawar ƙwarewa a harkar kuɗi da zuba jari, nake shirin zanawa, mai tambaya 180 a kwamfuta, zama biyu, kowanne awa 2 da minti 15. A wani zauren karatu na Telegram na haɗu da shi, kullum bayan Isha'i yana warware wa mutane lissafi kyauta. Wani dare na maƙale a tambaya ɗaya ta kuɗin da ake biya ƙarshen kowace shekara, amsata ta ƙi zuwa daidai da ta littafi, na yi ta bugawa har kaina ya ɗau zafi. Sai ga kiransa. Ya ce, "Malam, ɗauko kalkuletarka BA II Plus. Ka ga BGN a saman fuskarta? Kashe ta." BGN saiti ne da ke sa kalkuleta ta yi lissafi kamar a farkon shekara ake biya. Na kashe, amsa ta fito cif. Ko minti biyu ba mu yi ba. "Kashe ta." Har yanzu muryar nan na yawo a kunnena. To ku gaya mini, wanda ya gano matsalar kalkuletarka ba tare da ya gan ta ba, ta yaya za ka ɗauke shi ɓarawo?

Na farko 600,000 na tura. A'a, bari in koma baya. Tun kafin nan na gwada biya da kaina, katina na naira ya ƙi wucewa har sau uku, duk wanda ya yi hulɗa da dala a shekarun nan ya san wannan wahalar. Kuɗin rajistar ya haura dala 1,000. Shi ne na yi ƙorafi a zauren, washegari ya biyo ni ta gefe, wai yana da gurbin tallafin karatu da ya rage a hannunsa, zai saka sunana ya biya da katinsa, ni in ba shi naira. Tallafin kuwa akwai shi da gaske, Access Scholarship, na sha jin labarinsa. Sai daga baya na gane cewa kowa da kansa yake nema ta cikin asusunsa na shafin CFA, ba a sayar da shi, ba a ba wani aro.

Sunan da ke kan asusun da ya turo daban yake da nasa. Na lura, kada ku ce ban lura ba. Na tambaye shi. Ya ce na ɗan canjin da ke sayo masa dala ne a Wapa. Duk ɗan Kano ya san haka ake yi. Na tura 600,000. Bayan kwana huɗu wai dala ta tashi, 250,000. Sai imel ya shigo da tambarin cibiyar da ke shirya CFA, da sunana, da watan Agusta, da Abuja. Na nuna wa maiɗakina, har ta ce Allah ya ba da sa'a. Ban duba adireshin da ya aiko saƙon ba. Na cibiyar da cfainstitute.org yake ƙarewa, nasa da Gmail. Ni da nake koya wa kwastomomi gane alat na bogi.

Sai 130,000 ta ƙarshe, ita ce ta fi ba ni kunya. Wai tambayoyin shekarun baya ne na gwaji. Cibiyar ba ta sakin tambayoyin matakin farko, wanda ya zana ma an hana shi faɗin abin da ya gani, kuma yana nan cikin darasin ɗa'ar aiki da ke ɗaukar kashi 15 zuwa 20 na jarrabawar. Na karanta babin. Na ja layi a ƙarƙashinsa da jan biro. Duk da haka na tura. 600, 250, 130. Ku haɗa.

Ranar da na shiga asusuna don in zaɓi kujera a cibiyar Prometric, inda ake zana jarrabawar, fasfona a gefe, babu rajista, babu komai. Na kira shi, ya ce "Haba Malam, ai sai an yi kwana biyu kafin ya hau." Wannan ranar Talata ce, ko Laraba. Ran Juma'a ya toshe ni ko'ina. Na rubuta a zauren, cikin minti biyar aka goge, aka cire ni. Wata baiwar Allah daga Kaduna ta nemo ni, ita ma labarin kalkuleta ya yi mata.

Hotunan hirarmu, rasit uku, da imel ɗin bogin duk suna hannuna. Na kai ƙara EFCC, zan saka su a nan da zarar lauyana ya ce in saka.

Ku buɗe asusunku da kanku, ku biya da kanku. In sai wani ya ara muku kati, ku zauna tare a gaban kwamfuta ɗaya.

Maiɗakina dai 600,000 kawai ta sani. Mai gidan haya kuma ƙarshen wata zai zo.