Mabul a kantar kicin: kyau har kyau, amma ba ya shiri da tsami

Farin mabul muka sa a kantar kicin, bakin sinki kuma giranit. Wanda ya sayar mana ya rantse cewa dutse dutse ne, ko wuta ba ta cin sa. To wuta dai ba ta ci shi ba, lemon tsami ne ya gama da shi.

Da azumi ne. Yarinya ta matse lemo a zoɓo, ta kife ɓarin a kan mabul ɗin ta tafi shan ruwa. Bayan Isha aka ɗauke, sai ga zobe dishi-dishi, sheƙin wurin ya mutu murus, in ka shafa ka ji kaushi. Na dirje da sabulu har hannu ya gaji, ko gezau. Ashe ba datti ba ne, fuskar dutsen ce ta cinye. Mai gogewar da na kira ya ce mabul ɗan'uwan farar ƙasa ne, duk abu mai tsami narkar da shi yake: lemo, tsamiya, tumatir, balle ruwan wanke bayi. Man kariyar da aka caje mu kuɗinsa daban kuwa maiƙo yake tarewa, bai san tsami ba. Kicin ɗin Bahaushiya babu tsamiya? Me ya hana a faɗa mana tun a shago?

Shi dai mai gogewar ya yi aiki. Da injinsa da ruwa, ya fara da faifai mai kaushi ya ƙare da mai laushi, sheƙi ya dawo har na soma hucewa. Ga dutsen da sanyi ko a watan Afrilu, murza fulawar cincin a kansa daɗi ne.

Sai kuma manja. Gindin galan kawai aka ajiye ya kwana, dutsen ya shanye, duk da man kariyar nan tasu. Na kwaɓa bekin soda na shafa, na rufe da leda, ya ragu, amma har yau akwai rawaya-rawaya. Giranit ɗin da ke gefe, wanda ya fi shan wahala, ko tabo babu.

Na buga wa mai shagon, wai "Hajiya ai mabul sai da lallaɓawa." Ranar karɓar kuɗi bai ce haka ba.